Tabon Haƙori a Bakin Yara: Lalurar da Muke Ɗauka Ƙazanta Ce



A hunturun da ya gabata, wani bawan Allah daga cikin masu sallah a masallacinmu ya tsaya bayan sallar Asuba yana riƙe da hannun ɗansa mai kimanin shekara takwas. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Malam, yaron nan na kawo a yi masa faɗa. Kullum sai an kai ruwa rana da shi wajen alwala. Zai wanke ko'ina lafiya lau, amma kurkurar baki sai dai ya kai ruwa leɓe ya zubar. Aswaki kuwa ko ganinsa ba ya son yi. Dubi yadda haƙoransa suka koma."

Da ƙyar muka lallashi yaron ya buɗe baki. Haƙoransa biyu na gaba suna ɗauke da wani tabo mai launin man shanu, turamensa na can ciki kuwa sun yi ruwan ƙasa, gefen ɗaya ma ya fara marmashewa. Muka tambaye shi abin da ke hana shi kurkurar baki. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, in ruwan sanyi ya taɓa wurin, har cikin kaina nake jin sa."

Faɗan da aka zo nema bai yiwu ba. Shawarar da muka bayar ita ce a kai shi wurin likitan haƙori. Bayan 'yan kwanaki mahaifin ya dawo jikinsa a sanyaye, ya ce likita ya shaida masa cewa ba dauɗa ba ce, da wannan naƙasu haƙoran suka fito, kuma shekara biyu ke nan yaron yana fama da zogi alhali ana ta dukansa a kan ƙazanta. Wannan ne ya sa muka bi diddigin lamarin, muka zauna da masana, muka ga ya dace mu kawo wa iyaye da malamai da ɗalibai abin da muka fahimta, domin yara masu irin wannan lalura suna da yawa a gidajenmu da makarantunmu.

Mene ne ɓawon haƙori?

Farin abin nan mai sheƙi da muke gani idan mutum ya yi murmushi shi ne ɓawon haƙori, wanda likitoci ke kira inamel. Babu wani abu a jikin ɗan Adam da ya kai shi tauri, har ƙashi bai kai shi ba, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, mafi yawansa kalsiyam da fosfet. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai launin rawaya wanda bai kai shi ƙarfi ba, mai ɗauke da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, waɗanda suka zarce har zuwa jijiyar da ke tsakiyar haƙori. Aikin ɓawon shi ne ya zama garkuwa tsakanin wannan jijiya da abin da ke shiga baki na zafi da sanyi da zaƙi da tsami.

Akwai wani al'amari game da wannan ɓawo da ya kamata kowane uba da kowace uwa su sani. Ƙwayoyin halittar da ke gina shi suna gama aikinsu ne tun haƙori yana ɓoye a cikin dasashi, kuma da zarar haƙori ya fito sai su gushe. Fata idan ta yanke tana haɗewa, ƙashi idan ya karye yana ɗoruwa, amma ɓawon haƙori idan ya ɓalle ba ya sake tsirowa. Saboda haka duk abin da ya dagula aikin waɗannan ƙwayoyi a lokacin ginin, to alamarsa za ta zauna a jikin haƙorin har ƙarshen rayuwa, kamar yadda sawun ɗan akuya ke zama a kan siminti idan ya taka shi kafin ya bushe.

Lokacin ginin kuwa yana da wuri ƙwarai. Haƙoran yarinta guda 20 suna fara ƙanƙara tun jariri yana ciki, wajen wata na huɗu. Turame huɗu na farko daga cikin haƙoran girma 32 suna fara ƙanƙara ne daidai lokacin haihuwa, ɓawonsu ya kammala wajen shekara uku, amma ba za su fito ba sai yaro ya kai wajen shekara shida. Haƙoran gaba na girma su ma a cikin shekarar farko suke farawa, su fito tsakanin shekara shida zuwa takwas. Ma'ana, tabon da uwa ta gani a bakin ɗanta lokacin famfara, mai yiwuwa labarin wata rashin lafiya ce da ya yi tun yana goye, wadda kowa ya manta da ita.

Hanyoyin da naƙasun ke zuwa

Ta farko ita ce ɓawon ya kasa kai kaurin da ya kamata. Sai haƙori ya fito da ƙananan ramuka, ko wani layi da ya gitta shi, ko kuma wani ɓangare ya fito babu ɓawo sam. Daga cikin abubuwan da ke jawo haka akwai tamowa, da ƙarancin bitamin D da kalsiyam, da haihuwar bakwaini, da cututtukan yarinta masu tsanani irin su ƙyanda. Kazalika idan yaro ya faɗi ya bugi haƙorin yarinta, ko haƙorin ya ruɓe har ya tara mugunya a gindinsa, haƙorin girma da ke kwance a ƙarƙashinsa yakan fito da tabo. Wannan kaɗai ya isa ya rushe maganar da muka saba yi cewa haƙorin yarinta ba abin damuwa ba ne tunda zai faɗi.

Ta biyu ita ce irin ta yaron da muka buɗe da labarinsa. A nan ɓawon ya kai kauri, amma bai sha ma'adini yadda ya kamata ba, sai ya zama kamar tukunyar da ba ta gasu ba. Ta fi kama turame huɗun nan na farko, ɗaya ko fiye, wani lokaci tare da haƙoran gaba. Tabon yakan kasance fari kamar alli, ko rawaya, ko ruwan ƙasa, da iyaka bayyananniya tsakaninsa da lafiyayyen wuri, kuma gwargwadon duhunsa gwargwadon rauninsa. A shekarar 2001 ne wasu likitocin haƙoran yara na ƙasashen Turai suka ba wannan lalura sunan da aka san ta da shi yanzu, wanda ake taƙaitawa da haruffan MIH. Manyan nazarce-nazarce biyu da aka wallafa a 2018, waɗanda suka tattara binciken ƙasashe da dama, sun nuna tana shafar kashi 13 zuwa 14 cikin 100 na yaran duniya, wato kusan yaro ɗaya cikin kowane bakwai ko takwas. Binciken da aka yi a kan 'yan makaranta a Ile-Ife ya tabbatar da cewa Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. Masana sun danganta ta da wahalar haihuwa, da yawan zazzaɓi mai zafi, da ciwon ƙirji a shekaru ukun farko, tare da wani kaso na gado. Idan muka ɗauki wannan lissafi muka shiga ajin Islamiyya mai ɗalibai 70, ba abin mamaki ba ne a tarar da tara ko goma masu ita.

Ta uku daga ruwan sha take zuwa. Akwai wani sinadari da ake kira fuloraid, wanda kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori ya kare shi daga ruɓewa, amma idan ya yi yawa a jikin yaron da bai wuce shekara takwas ba sai ya ɓata ginin ɓawon. Mai sauƙinsa fararen layuka ne sirara, mai tsananinsa kuwa ja ne ko baƙi-baƙi tare da ramuka, kuma yakan kama haƙoran dama da na hagu daidai wa daida. Tarihin gano shi ya faro ne a 1901, lokacin da wani matashin likitan haƙori, Frederick McKay, ya sauka a garin Colorado Springs na Amurka ya tarar da yawancin 'yan asalin garin da jajayen haƙora. Sai a 1931 aka tabbatar da cewa fuloraid ɗin da ke cikin ruwa ne sanadi. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha.

Wannan matsala a ƙofar gidanmu take. An san yankin Langtang a Jihar Filato da Kaltungo a Jihar Gombe da yawan wannan sinadari a ruwan ƙarƙashin ƙasa, haka ma yankin Mayo Tsanaga a arewacin Kamaru da gundumar Bongo a arewacin Gana. Mafi ban tausayi shi ne abin da ya faru a Tibirin Gobir kusa da Maraɗi, inda ruwan wata rijiya mai zurfi da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya ninka iyakar nan fiye da sau uku. Shekaru aka kwashe ana sha kafin a farga, kuma abin bai tsaya ga haƙora ba, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da naƙasar ƙashi. A Tanzaniya kuma an gano cewa wani gishirin girki da suke kira magadi, ɗan'uwan kanwarmu, yana ƙara tsananin lalurar a wasu yankuna ko da ruwansu ba shi da laifi sosai.

Ta huɗu gado ce tsantsa. A nan dukkan haƙora ne ke lalacewa, na yarinta da na girma, su fito ƙanana, rawaya, masu saurin cinyewa. Ba ta da yawa: ƙididdiga ta kama daga mutum ɗaya cikin 700 a arewacin Suwidin zuwa ɗaya cikin 14,000 a Amurka. Wasu nau'o'inta ba sa bayyana sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba gaba ɗaya, shi ya sa aka fi ganinsu a zuriyar da auren zumunci ya yawaita. Gidan da ya ga irin wannan a yaro fiye da ɗaya ya kamata ya faɗa wa likita tarihin danginsa ba tare da jin nauyi ba.

Akwai kuma wani abu da muke jawowa da hannunmu. Kafson nan da aka fi sani da ja-da-yalo, wato tetarasaikilin, wanda wasu iyaye mata ke fasawa su ba jariri idan yana zawo da sunan maganin fitar haƙori, yana shiga cikin haƙorin da ake ginawa ya rina shi launin toka ko ruwan ƙasa har abada. Saboda haka ne likitoci suka hana bayar da shi ga mai ciki da yaron da bai kai shekara takwas ba.

Abin da yaro ke ɗanɗana

Likitoci sun daɗe suna auna ciwon haƙori da ƙirga ramuka kawai. Daga baya aka ga cewa wannan bai isa ba, sai an tambayi yaron da kansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2002 masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada suka fitar da wasu tambayoyi da ake yi wa yara a kan fuskoki huɗu: abin da suke ji a baki, abin da ciwon ke hana su yi, halin da zuciyarsu ke ciki, da zamansu da mutane. Idan muka bi waɗannan fuskoki a rayuwar yaranmu za mu ga girman abin.

Fuskar farko zogi ne. Haƙorin da garkuwarsa ta yi rauni yana jin ruwan randa, yana jin kunu mai zafi, yana jin tsamiya da lemo, wani ma iskar hunturu kaɗai idan ta shiga bakinsa sai ya runtse ido. Saboda goge wurin yana da zafi sai yaro ya riƙa kauce masa, dauɗa ta taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a ɓawon da dama ba shi da ƙarfi, nan da nan sai kogo. Ga shi kuma turmin nan na shekara shida yana fitowa ne a bayan haƙoran yarinta ba tare da wani ya faɗi ba, don haka iyaye da yawa suna ɗaukarsa na yarinta ne, su zuba masa ido yana ruɓewa suna jiran ya faɗi, alhali shi ne ginshiƙin tauna na tsawon rai.

Fuska ta biyu ita ce abin da ciwon ke hanawa. Yaro zai koma tauna da gefe ɗaya, ya guji nama da rake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ya daɗe a gaban kwano har 'yan'uwansa su cinye su bar shi. A gidan da ake ci a kwano ɗaya, wannan yana nufin ya tashi bai ƙoshi ba. Idan dare ya yi zogi ya hana shi barci, da safe ya tafi makaranta yana gyangyaɗi, malami ya ɗauka lalaci ne. Ranakun da ciwon ya tsananta kuwa ba ya zuwa gaba ɗaya.

A nan ne lamarin ya shafi karatun allo da na Islamiyya kai tsaye. Duk wanda ya karanci tajwidi ya san haruffa da dama da haƙora ake fitar da su: sa'un mai ɗigo uku da zalun da za'un daga kan harshe ne da gefen haƙoran gaba na sama, fa'un daga cikin leɓen ƙasa da waɗannan haƙora, ladun kuwa daga gefen harshe da turamen sama. Ɗalibin da ke ɓoye haƙoransa ba zai saki baki ya ba waɗannan haruffa haƙƙinsu ba. Mun sha ganin ɗalibi mai kaifin hadda yana karatu ciki-ciki, hannunsa a kan baki, mu yi ta cewa ya ɗaga murya, ba mu taɓa tambayar kanmu abin da yake ɓoyewa ba.

Fuska ta uku da ta huɗu, wato zuciya da zamantakewa, su ne suka fi daɗewa ba su warke ba. Mu mutane ne masu yabon farin haƙori da wushirya, kuma yara ba su iya ɓoye abin da suka gani ba. Yaron da haƙoransa suka yi ja zai sha suna iri-iri: mai cin goro, ruɓaɓɓen baki, tsoho. Sannu a hankali sai ya daina dariya a cikin mutane, ya daina ɗaga hannu a aji, ya ƙi shiga musabaƙa, ya juya baya idan za a ɗauki hoto. Ga 'ya mace abin ya fi nauyi yayin da ta fara girma, don takan ji maganganun da ake yi a kan kamanninta ko da ba a gabanta aka yi ba. Bincike ya nuna cewa fararen layuka marasa yawa ba su cika damun yara ba, amma tabo mai duhu a haƙoran gaba yana taɓa yadda yaro ke kallon kansa. Suratul Hujurati, a aya ta 11, ta hana muminai yi wa juna izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi, kuma wannan hani bai keɓe manya ya bar yara ba. Malamin da ya ji ana kiran ɗalibinsa da irin waɗannan sunaye ya yi shiru, ko ya taya dariya, ya yi sakaci da amanar da aka ba shi.

Har wurin likita ma wahalar ba ta ƙarewa nan take. Irin wannan haƙori allurar kashe zafi ba ta cika kama shi da sauƙi ba, saboda jijiyarsa ta daɗe a kumbure, kuma ciko ba ya riƙe ɓawo mai laushi sosai, sai ya faɗi a sake. Wani bincike da aka yi a Suwidin, aka wallafa a 2002, ya gano cewa yara 'yan shekara tara masu tsananin wannan lalura an yi musu aiki a turamensu kusan sau goma fiye da takwarorinsu, kuma sun fi su tsoron likitan haƙori. Saboda haka idan yaro ya ce yana jin zafi alhali an yi masa allura, a gaskata shi.

Kurakuran da muke yi a gida

Babban kuskure shi ne ɗaukar tabon a matsayin dauɗar da za ta fita da dirza. Sai a sa gawayi, ko toka, ko gishiri, ko a matsa lemon tsami, wasu har da yashi mai laushi. Tabon a cikin jikin ɓawon yake, ba a samansa ba. Dirza tana ƙara kankare ɗan abin da ya rage, tsami kuma yana narkar da shi, sai haƙori ya ƙara rawaya zogi ya ƙaru. Haka nan magungunan sa haƙori fari da ake tallatawa a kasuwa da shafukan sada zumunta ba na bakin yara ba ne.

Kuskure na biyu shi ne sa ƙwayar magani ko wani ruwa mai ƙuna a cikin kogon haƙori ko a kan dasashi. Wannan yana ƙona naman baki, ciwon kuma yana nan. Na uku shi ne gaggawar kai yaro wurin mai cire haƙori na bakin kasuwa. Na huɗu, wanda ya fi sauran zafi, shi ne duka da gori.

Game da aswaki, falalarsa sananniya ce, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa tsoron tsananta wa al'umma ne ya hana Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wajabta shi a kowace sallah. Wannan dalili da kansa darasi ne ga mai tarbiyya. Yaro mai irin wannan haƙori a zaɓa masa ɗanyen aswaki mai laushi, a jiƙa shi, a tausasa bakinsa sosai, ya goga a hankali. Ruwan alwala kuma a ɗumama masa, babu laifi a cikin hakan. Kurkurar baki a mazhabar Malikiyya sunna ce daga sunnonin alwala, bai kamata ta zama dalilin da yaro zai tashi yana ƙin alwalar gaba ɗaya ba.

Shin gyaran haƙorin ya halatta?

Wasu iyaye sun tambaye mu ko rufe tabon ko sa wa haƙori hula bai shiga cikin canza halittar Allah ba, ganin hadisin da ya la'anci masu goge haƙora su buɗa tsakaninsu don ƙawa. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa abin da aka hana shi ne wanda aka yi don neman ƙarin kyau, amma idan don magani ne ko kawar da wani aibi a haƙorin, babu laifi. Malamai kuma suna kafa hujja da labarin sahabi Arfajatu bin As'ad, wanda aka yanke masa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. Mayar da gaɓa zuwa ga asalin amfaninta magani ne. Shari'ar da ta sa diyyar haƙori ɗaya raƙuma biyar ba za ta ɗauki lalacewarsa ƙaramin abu ba.

Abin da likita zai iya yi

Magani ya danganta da tsananin naƙasun da kuma lokacin da aka zo. Idan an zo da wuri, likita yakan shafa wani man fuloraid mai ƙarfi a kan haƙorin lokaci-lokaci don ya ƙara masa tauri ya rage zogi, sannan ya toshe ƙananan kwaruruwan saman turmi da wani abu mai kama da danƙo kafin ruɓa ta shiga. Idan wani sashe ya ɓalle sai a yi ciko mai launin haƙori. Idan lalacewar ta yi yawa akan rufe turmin gaba ɗaya da hular ƙarfe mara tsatsa, wadda ke kare shi har yaro ya girma. Idan kuwa ba zai gyaru ba, akan cire shi, amma a lokacin da aka zaɓa da hoton ƙashi, galibi tsakanin shekara takwas zuwa goma, domin turmi na biyu da ke fitowa wajen shekara 12 ya matso ya cike gurbin. Wannan lissafin lokaci shi ne abin da mai cirewa a kasuwa ba zai iya ba. Tabon haƙoran gaba kuma akwai hanyoyin rage shi ko rufe shi tun yaro yana makaranta, a bar gyara na dindindin sai ya gama girma. Akwai sassan kula da haƙori a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da kuma manyan asibitocin jihohi da dama.

A gida kuwa, a riƙa goge wa yaro haƙori sau biyu a rana, musamman kafin barci, da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Wanda bai kai shekara uku ba a ɗiga masa kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake, a tsaya a kansa ya tofar kada ya haɗiye. A rage alewa da lemon kwalba da yawan tsotse-tsotsen zaƙi tsakanin abinci, domin yawan maimaitawa ya fi yawan abin da aka sha ɓarna.

Nauyin da ke kanmu

Tunda ginin haƙori yana farawa tun daga ciki, riga-kafinsa ma daga nan yake farawa: mai ciki ta samu abinci mai gina jiki ta kuma riƙa zuwa awo, a haihu a hannun ƙwararru, a shayar da nono yadda ya kamata, a kammala allurar riga-kafi, a gaggauta kai yaro asibiti idan zazzaɓi ya yi zafi, a daina ba jarirai maganin da likita bai rubuta ba. Idan yaro ya kai shekara shida, uwa ta sa shi ya buɗe baki a cikin haske ta dubi can ƙarshen layin haƙoransa. Duba na minti ɗaya yana iya ceton turmin da zai yi masa aiki shekara sittin.

Sai kuma maganar ruwa, wadda ta hau kan masu hali da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin agaji. Alhamdu lillahi, haƙa rijiyar burtsatse don sadaka mai gudana ya yawaita a garuruwanmu. Sai dai fuloraid ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ruwa zai fito garau alhali yana ɗauke da shi, kuma tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara tattara shi ma take yi. Hanya ɗaya ta sani ita ce a kai samfurin ruwan ɗakin gwaji kafin a buɗe wa jama'a famfo, kuma kuɗin gwajin ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin haƙar. Idan aka tarar ya haura iyaka, ana iya barin ruwan don wanki da wanka, a nema wa ƙananan yara wani na sha da girki, ko a tara ruwan sama cikin tsafta, ko a sa matatar da aka yi musamman don wannan sinadari. Unguwar da ta lura yawancin yaranta da suka tashi a kan rijiya ɗaya suna da jajayen haƙora, to ta kai maganar ga hukumar ruwa da ta lafiya. Abin da ya faru a Tibiri ya isa wa'azi.

Malaman makarantu kuma, na boko da na Islamiyya da na allo, su ne suka fi kowa kallon bakin yara. Ɗalibin da ke rufe baki in zai yi magana, ko ya ƙi shan ruwan sanyi a tsakiyar zafi, ko yake yawan dafe kunci, a kira shi gefe a tambaye shi cikin taushi, a kuma sanar da iyayensa. Almajirin da iyayensa ke nesa ba shi da mai lura da wannan sai malaminsa.

Yaron nan na masallacinmu an sa wa turamensa biyu hula, an yi wa ɗaya ciko, haƙoran gaba kuma likita ya ce a dakata tukuna. Tabon yana nan, amma zogin ya tafi. Mahaifiyarsa takan ɗumama masa ruwa a buta kafin Asuba, kuma a makon jiya mun ji shi yana biya wa ƙannensa karatu da murya sake. Mahaifinsa ya ce mana abin da ya fi damunsa yanzu shi ne bulalar shekara biyu da ya yi wa yaron a kan abin da ba laifinsa ba. Muka ce masa ya nemi afuwar ɗansa, domin uba ba ya raguwa da hakan, sannan ya duba bakin sauran 'ya'yansa tun da wuri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya da imani, Ya kuma ba mu ikon sauke amanarsu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.